Talatin da Ɗaya ga Satumba

Tun ranar da aka manna sakular nan a allon sanarwar ma'aikatarsu Hasiya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Layi shida ne kacal, kuma abin haushin ma ita ta buga su da hannunta. An soke muƙamin masu buga takardu. Duk wadda ke son ci gaba da aiki, ta kawo shaidar ta ci kwas ɗin share fage na kimiyyar kwamfuta daga wata babbar makaranta, da maki hamsin ko sama, kafin ƙarshen watan Agusta, sai a mayar da ita sashen adana bayanai. Wadda ba ta kawo ba kuwa, gwamnati tana godiya, ta koma gida ta huta.

Hutun me? Shekararta arba'in da bakwai, ashirin da uku daga ciki ta yi su ne tana buga takardun gwamnati, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa har aka zo kan kwamfuta. Yara uku ne a makaranta. Mijinta Alhassan ya riga ya yi ritaya, kullum yana ƙofar gidansu a Kurmin Mashi da rediyo a kunne. Idan ita ma ta dawo, sai su zauna su biyu suna kallon juna.

Amma ba sakular ce ta fi ci mata rai ba. Abin da ya tsaya mata a maƙoshi shi ne maganar da ubangidanta ya yi a taron da aka yanke shawarar, tana zaune a gefe tana ɗaukar bayanin taro. An tambayi daraktoci ko akwai wanda ke ganin a bar masa mai buga takarda. Alhaji Sule, wanda ta yi wa aiki shekara goma sha ɗaya, ya gyara hula ya ce, “Ni dai gaskiya ba na buƙata. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa dawo min da takarda saboda kuskure ba. Abin da na rubuta shi ake bugawa. Wannan kuwa ko da yatsa biyu ni ma zan iya.”

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma shi ne abin takaicin. Har ransa haka ya ɗauka.

Gaskiyar magana, Alhaji Sule mutumin kirki ne, sai dai Allah bai haɗa shi da kalanda ba. Ya sha kiran taro ranar talatin da ɗaya ga Afrilu. Ya taɓa rubuta wa babban sakataren da aka yi wa canji tun wata huɗu baya. Idan ransa ya ɓaci yakan rubuta wa na sama da shi maganar da za ta iya cin kujerarsa, ya miƙo ya ce a buga yanzu-yanzu. Hasiya ta karɓa da hannu biyu, ta koma teburinta, ta duba kalanda, ta tambayi masinja wane ne babban sakatare yanzu, ta sauke kalmomin da suka yi zafi. Ta kai masa ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Haka Tani ta koya mata, dattijuwar da ta karɓe ta ranar da ta fara aiki. “Oga ba ya kuskure,” in ji Tani. “Idan kin gani ki gyara, ki ja bakinki. Ranar da kika nuna masa, ranar kika fara neman canji.” Ita Tani da sakular ta fito ko musu ba ta yi ba, ta kwashe kofinta da dardumarta ta ce ta yafe, ba da ita za a koma aji da jikoki ba.

Hasiya kuwa ta yi rajista a wata kwaleji da ke karatun yammacin Juma'a da wunin Asabar. A ranta ta ɗauka abin wasa ne. Ita da ta yi shekara goma sha biyar tana danna kwamfuta kullum, me wani zai koya mata?

Ranar farko ta fito ofis a guje, ta kama keke-napep a cikin zafin watan Maris, suka maƙale a cunkoso, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Ta shiga ajin tana haki ta tarar da mutum kusan ɗari biyu, yawancinsu sa'annin ɗanta Salim, wasu a kan taga, wasu a tsaye. Ta waiga dama ta waiga hagu tana neman kwamfutoci. Babu ko ɗaya. Allo ne da alli, sai wani saurayi siriri mai gilashi, Malam Sharhabil, da ta tabbata lokacin da ta fara aiki bai shiga firamare ba.

“Wanda ya zo nan don ya koyi buga wasiƙa, ya yi ɓatan kai,” in ji shi. “Nan tunanin na'urar za mu koya. Ku manta da madannai.”

Ta ji kamar da ita yake.

Makonni uku ya yi yana ta sifili da ɗaya. Wai duk abin da ke cikin kwamfuta, hoto ne, murya ce, wasiƙar Alhaji Sule ce, ba komai ba ne illa wuta a kunne ko a kashe. Hasiya ta cika littafi biyu da rubutunta mai kyau, tana raba lambobi da biyu tana ajiye saura don ta mayar da su sifili da ɗaya. A cikin keke tana lissafi, a bakin murhu tana lissafi, har miya ta kama sau biyu. Wannan dai ta iya shi, don aiki ne na natsuwa, ita kuwa natsuwa sana'arta ce.

Daga nan aka shiga jerin matakai, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Tun da ɗakin kwamfutocin makarantar na'ura goma sha biyu kaɗai ke tashi a cikinsa, su ma sai an sami wuta, Malam Sharhabil ya ce ɗalibai su ne za su zama kwamfutar. Zai rubuta matakai a allo, kowa ya bi su da biro a takarda, ya faɗi abin da na'ura za ta fitar. Hasiya ta yi murmushi a ranta. A miƙo mata rubutun wani ta fitar da abin da ake nema? Ai aikin da take yi ke nan tun kafin a haifi rabin ajin.

Ranar gwajin tsakiyar zango ita ta fara miƙa takarda. Bayan mako biyu aka dawo da sakamako, ta ga takwas cikin talatin da jan biro.

Ta juya takardar ta sake juyawa, ta duba ko sunan wata ne. Nata ne. Kunnuwanta suka yi ɗumi. Ba ta ji ko kalma ɗaya daga laccar ranar ba, ana tashi ta bi malamin har ƙofar ofishinsa.

“Malam, don Allah ina da magana.”

“Bismilla, Mama. Zauna.”

Ba ta zauna ba. Ta shimfiɗa takardar a gabansa ta ɗora yatsa a tambaya ta farko. Matakai huɗu ne: a fara da ɗaya, a rubuta lambar, idan ta kai biyar a tsaya, in ba ta kai ba a koma a sake rubutawa. Ita ta amsa ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

“Ina laifin wannan?”

“Nuna min inda aka ce a ƙara ɗaya,” in ji shi.

Ta duba. “Ai an manta ne. Kowa ya san ƙirga ake so a yi.”

“Wa ya sani?”

“Duk mai hankali.”

“To ita ba ta da shi.” Ya cire gilashi ya goge da bakin riga. “Ɗaya za ta yi ta rubutawa, ɗaya, ɗaya, ɗaya, har a ɗauke wuta. Amsar ke nan. Ni na cire matakin da gangan.”

Ya juya shafi. Tambaya ta biyu akwatuna biyu ne, na farko da uku a ciki, na biyu da takwas. An ce a zuba abin da ke na biyu a na farko, sannan a zuba abin da ke na farko a na biyu. Ita ta gane musanya ake son yi, ta rubuta takwas da uku. Ya ce a'a, tun a matakin farko ukun ya shafe, duka biyun takwas ne. Tambayoyi bakwai cikin goma haka suke, kowacce da ramin da ya haƙa, ita kuma ta bi ta cike masa su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko yi alamar ta gani ba.

“Abin da ya ba ni mamaki,” in ji shi, “yaran nan da suka faɗi, ba su ga ramin ba ne. Ke kin ga duka bakwai. Kika gyara min, kika ba ni amsar abin da ban tambaya ba. Mama, kwamfuta ba ta da kara. Ba ta jin nauyin kowa, ba ta rufa wa kowa asiri. Abin da aka ce mata shi take yi, ko da shirme ne.”

Ta naɗe takardarta ta fito. Takaici ya hana ta hawa keke, ta yi ta tafiya a ƙafa har ta wuce tashar da ta saba tsayawa. Yaro ƙarami ya dube ta ya ce rufa wa mutum asiri shi ne laifinta. Ita kuwa duk abin da ta iya a duniya ke nan.

A hanya ta yi lissafin da ya rage. Takwas take da shi. Babbar jarrabawa maki saba'in ce. Sai ta ci arba'in da biyu kafin ta kai hamsin ɗin da ma'aikata ta gindaya, kuma babu zango na biyu kafin Agusta.

Daga ranar ta koma wata iri. A ofis tana buga takarda tana leƙa littafin da ta ɓoye a aljihun tebur. A gida ta jera kofuna a tabarma, ɗaya da kunu ɗaya da zoɓo, tana son ta musanya su ba tare da ɗaya ya ɓata ba. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye. Can ta yi tsaki ta tashi ta ɗauko kofi na uku wanda ba komai a ciki, ta juye kunun a ciki, sai ga hanya ta buɗe.

Alhassan da ke kallonta tun ɗazu ya rage muryar rediyo. “Wai Maman Salim, kunun nan sha za a yi ko shi ma jarrabawa zai rubuta?”

“Baban Salim, ka bar ni da abin da ya dame ni.”

“Na bar ki. Miƙo min na ukun dai kafin ya huce.”

Wahalar ba ta fahimta ba ce. Hannunta ne ya ƙi jin magana. Da zarar ta ga mataki ya karkace, kafin ta yi tunani biro ya riga ya miƙe shi. Sai ta koma sa yatsan hagu a kan layi tana karantawa a fili kamar 'yar aji ɗaya, tana ce wa kanta, “Ba ki san komai ba, Hasiya. Ba ki san abin da yake nufi ba. Abin da ya ce kawai.” Ta yi ta rubuta amsoshin da ita kanta suke ba ta kunya, lissafin da ba ya ƙarewa, jerin da ya tsallake na ƙarshe. Ta duba amsoshin da ke bayan littafin darasi ta ga daidai ne. Da safe kuma ta je ofis Alhaji Sule ya miƙo takarda mai kiran taro ranar talatin da ɗaya ga Yuni, ta karɓa da hannu biyu, ta leƙa littafin alƙawuransa, ta mayar da ita talatin, ta kai masa ya sa hannu. Wuni ɗaya mutum biyu take zama, kuma ba wadda ke barin ɗayar ta huta.

A lacca ta ƙarshe Malam Sharhabil ya ja musu kunne. “Ranar jarrabawa kada wanda ya ɗaga hannu ya ce min akwai kuskure a takarda. Duk abin da kuka gani a karkace, ni na karkatar da shi. Wanda ya ɓata min lokaci, lokacinsa ya ɓata.” Da ya faɗi haka sai da ya dubi inda take zaune, 'yan aji suka yi dariya, don labarin Mama mai gyara wa malami ya riga ya zaga.

Asabar ɗin jarrabawar aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layinsu ya cika, babu keken da ya yarda ya shigo, sai da ta tattare zani ta taka har bakin titi. Ta isa zauren da jiƙaƙƙen mayafi ana raba takardu. Ta sami kujerarta, ta goge hannu a jikin jaka, ta yi bismilla.

Tambaya ta ɗaya sifili da ɗaya ce, ta share ta. Ta biyu sassan kwamfuta. Ta uku tana da rami, ta gan shi, ta ɗora yatsa a layi, ta danne zuciyarta ta faɗa ciki kamar yadda ake so. Sai ta huɗu, wadda aka ce dole ce, maki ashirin.

A fara da ɗaya. A rubuta lambar. A ƙara mata biyu. Idan ta zama goma daidai a tsaya. In ba haka ba a koma a rubuta.

Ta bi da yatsa. Ɗaya, uku, biyar, bakwai, tara, sha ɗaya. Ta tsallake goma. Ba za ta taɓa zama goma ba, ko za a kwana ana ƙarawa. To, wani ramin ne, ta ce a ranta, har ta kai biro za ta rubuta cewa ba ya tsayawa. Sai idonta ya sauka a kan abin da aka tambaya a ƙasa. Wace lamba ce ta ƙarshe da zai rubuta kafin ya tsaya? Sau nawa zai zagaya kafin ya tsaya? Nawa ne jimillar lambobin da ya rubuta?

Ta ajiye biron.

Shekara ashirin da uku tana karanta rubutun mutane, ta san bambancin wanda ya yi abu da gangan da wanda ya yi shi a gajiye. Duk inda Malam Sharhabil ya haƙa rami, cewa yake yi, “Me zai faru?” ya bar ƙofa a buɗe. Nan kuwa sau biyu ya ce kafin ya tsaya. Mutumin da ya rubuta wannan ya yi imani abin yana tsayawa.

Hannunta ya fara ƙaiƙayin da ya saba. A gyara a yi shiru. To amma ta ina? Idan nufinsa a tsaya in lamba ta wuce goma, amsar tara ce. Idan kuma da biyu ya so a fara ba da ɗaya ba, amsar takwas ce. Da Alhaji Sule ne da ta sani, don ta san littafin alƙawuransa, ta san ranar da yake zuwa Zariya, ta san halinsa kamar tafin hannunta. Wannan yaron wata huɗu kawai ta san shi. Idan ta yi kuskuren zato maki ashirin sun tafi, aikinta ya bi su. Idan ta rubuta ba ya tsayawa, tambayoyi uku sun zauna babu amsa.

Ta dubi agogon bango. Saura minti arba'in. Ta dubi na kusa da ita, kowa ya duƙufa yana rubutu, wasu har sun wuce shafin. Ruwa na dukan kwano. Ta ɗauki biron, ta ajiye. Ta gyara mayafi. Ta sake bin layin da yatsa ko Allah zai sa ita ce ta ɓata, ta sake fitowa a sha ɗaya. Ta tuna dariyar 'yan aji. Ta tuna Tani. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta buga sakular. A rayuwarta ba ta taɓa duban na gaba da ita ta ce masa ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya.

Ta ɗaga hannu.

Mai sa ido, wani dogo da ake kira Malam Tukur, ya tako a hankali. “Hajiya, ƙarin takarda?”

“A'a. Tambaya ta huɗu ce ba daidai ba.”

“An ce muku babu wannan maganar. Ki amsa yadda kika gani.”

Ya juya zai wuce. Hasiya ta ji ƙafafunta sun miƙe da kansu, kujera ta yi ƙara, duk 'yan zauren suka ɗago kai.

“Don Allah a kira mai kwas ɗin,” ta ce. “In ni ce ban gane ba, a rage min maki.”

Wani daga baya ya ce, “Mama ta fara,” aka yi 'yar dariya. Malam Tukur ya daka tsawa, sannan ya tura a kira Malam Sharhabil daga ɗaya zauren da sauran ɗalibai ke rubutu. Minti shida ta yi a tsaye. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a agogo, kowanne daga lokacinta yake fita.

Ya shigo da laima a hannu, fuska a ɗaure. “Mama, me na ce muku?”

Ta miƙa masa takardar da hannu biyu, yadda ta saba miƙa wa Alhaji Sule, sai dai wannan karon yatsanta na kan wurin. “Bi ta da kanka, Malam. Daga ɗaya, ana ƙara biyu. Ka nuna min goma.”

Ya karɓi bironta ya fara rubutu a tafin hannunsa. Ɗaya, uku, biyar. A kan tara ya tsaya. Ya sake karanta tambayar tun daga sama.

Ya taka zuwa gaban zauren ya buga tebur. “Kowa ya dakata. Tambaya ta huɗu, mataki na huɗu. Ku soke inda aka ce ta zama goma daidai, ku rubuta ta wuce goma. Kuskurena ne. An ƙara muku minti goma sha biyar.”

Zauren ya ɗauki guna-guni, masu gogewa na gogewa, masu tsaki na yi. Ya dawo ya ajiye mata bironta, ya rage murya. “Ni na buga ta da kaina, matar da ke buga mana takardu ta bar aiki tun bara. Mutum uku suka duba takardar nan bayan ni. A ina kika koyi wannan idon?”

“A ofis,” ta ce. “Bari in yi rubutu, Malam, lokaci na tafiya.”

Ta zauna ta rubuta tara.

Makonni bakwai aka yi ana jiran sakamako, kuma a cikinsu ba wanda ya ji daɗin zama da ita. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta je makarantar sau huɗu ana ce mata ba a manna ba. Ranar da aka manna, ta kutsa cikin yara ta bi jerin da yatsa har ta kai lambarta, ta ga hamsin da uku. Ta sake bi daga farkon layi don kada ido ya zame mata zuwa na wani. Hamsin da ukun ne dai. Ta jingina da bango ta yi hamdala, hawaye suka zubo ba ta ko share ba.

A makon ƙarshe na Agusta aka mayar da ita sashen adana bayanai a hawa na ƙasa. Aka fitar da teburinta daga ƙofar ofishin Alhaji Sule, aka sa tukunyar fure a wurin. Shi kuma aka ajiye masa sabuwar kwamfuta, yana bugawa da yatsa biyu kamar yadda ya yi alƙawari.

Kwana tara da komawarta, ta fito sallar azahar ta ga mutane sun taru a allon sanarwa suna ƙus-ƙus, wani yana ɗaukar hoto da waya. Ta matsa. Sakula ce daga ofishin darakta, ana gayyatar dukkan shugabannin sassa da baƙi daga wasu ma'aikatu biyu zuwa muhimmin taro ranar talatin da ɗaya ga Satumba.

Ba ta ji daɗi ba. Ta ɗauka za ta ji, sai ta ji tausayinsa ya kama ta. Akwai biro a jakarta, kuma mayar da ɗaya sifili ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu. Har ta zuge jakar. Sai ta mayar ta rufe, ta cire fil ɗin da ke riƙe da sakular, ta ɗauki takardar ta hau bene.

Ta ƙwanƙwasa. Ya ɗago daga kan madannai, yatsunsa biyu a sama.

“A'a, Malama Hasiya! Kin guje mu. Ya sabon wuri?”

“Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe.” Ta ajiye takardar a gabansa da hannu biyu, ta ɗora yatsa a wurin. “Watan Satumba kwana talatin ne.”

Ya sa gilashi ya duba. Ya juya ya dubi kalandar da ke bango, ya ɗaga shafi, ya bi kwanakin har ƙasa. Ya dafe kai.

“Subhanallahi. Kuma har an kai wa baƙi. Kin ga tsufa ko? Shekara nawa ina aikin nan, yau ne na fara yin irin wannan.”

Hasiya ta dubi ƙofa, inda tukunyar fure take a gurbin teburinta.

“A'a, ranka ya daɗe,” ta ce. “Yau ne dai na farko da ya fita ban gyara ba.”

Ya cire gilashin a hankali ya dube ta. Ta yi masa sallama ta ja ƙofar, ta sauka ta yi alwala, don an kusa tayar da salla.